YAƘIN INGILA DA FARANSA: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a wajen wani zaman ƙara wa juna sani da 'yan'uwa matasa suka shirya a kan tarihin mulkin mallaka. Mai jawabin, wanda malamin tarihi ne, ya ɗauko yaƙin da Ingila da Faransa suka gwabza daga 1756 zuwa 1763, wanda ake kira Yaƙin Shekara Bakwai, ya bi sawun abin da ya haifar wa mutanen da aka yi yaƙin a ƙasashensu. An ɗan taƙaita shi saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bayan hamdala da salati ga Manzon Allah (S), Malamin ya fara da cewa:

'Yan'uwa, a ranar 10 ga watan Fabrairun shekarar 1763 wasu Turawa suka zauna a birnin Faris suka sa hannu a wata takarda. A cikin takardar nan an ba da ƙasar Kanada sukutum, an yi musayar tsibirai tare da bayin da ke cikinsu, an faɗi wanda zai riƙe bakin kogin Sanagal, an faɗi wanda ba zai ƙara gina ganuwa ko ajiye soja a Bangal ta ƙasar Indiya ba. Amma a cikin ɗakin nan babu Ba'indiye ko ɗaya, babu baƙar fata, babu ko mutum guda daga cikin mutanen asali na Amurka. Alhali kuwa su ne suka zubar da jini a yaƙin, wasu suna bayan Ingila, wasu suna bayan Faransa. To, abin da za a duba yau shi ne yadda aka yi masu ƙasa suka zama kayan ciniki a hannun waɗanda suka ɗauka abokai ne.

TUSHEN GABAR

Malamin ya ce Ingila da Faransa maƙwabta ne, ɗan siririn teku ne kawai ya raba su, kuma sun daɗe suna gaba da juna. Da suka sami jiragen ruwa masu dogon zango sai suka fitar da gabar waje. Duk inda ɗaya ta je neman dukiya, sai ta iske ɗayar ta riga ta ko tana biye da ita. A Amurka ta Arewa suna neman ƙasa da fatun namun daji. A tsibiran Karebiyan suna neman sukari, wanda bayin da aka kwaso daga Afirka suke nomawa. A gaɓar Afirka ta Yamma suna neman bayi da ƙaro. A Indiya kuwa suna neman yadi da kayan yaji.

Ya ce abin lura shi ne, a Indiya ma ba da sunan gwamnati suka je ba. Kamfanoni ne. Ingilishi sun kafa kamfaninsu na cinikin Gabashin Indiya a 1600, Faransawa suka kafa nasu a 1664. Da farko roƙo suke yi a fadar sarakunan Mugal Musulmi a ba su izinin gina rumbun ajiye kaya a bakin teku. Daga rumbu aka koma katanga, daga katanga aka kawo igwa, daga igwa aka ɗauki soja. In ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

WUTAR TA TASHI A DAJIN OHIO

Da ya juya ga Amurka, Malamin ya bayyana cewa a wancan lokaci Turawan Ingila da suka kafa garuruwa a gaɓar gabas sun haura miliyan ɗaya, Faransawan Kanada kuwa ba su kai 100,000 ba. A tsakaninsu akwai kwarin kogin Ohio, kowa yana cewa nasa ne. Amma kwarin nan yana da masu shi, wato mutanen asali, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Jajayen Indiyawa, irin su ƙabilun Delaware da Shawnee da Iroquois.

A watan Mayun 1754 wani matashin hafsa mai shekara 22, Joj Washinton, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, ya yi wa wani ƙaramin ayarin Faransawa kwanton ɓauna a dajin nan, aka kashe shugabansu. A wannan lokaci Washinton sojan Sarkin Ingila ne, kuma wani jagoran mutanen asali ne ya nuna masa inda Faransawan suka ya da zango. Shekara ta zagayo, Ingila ta turo Janar Braddock da runduna daga gida. A watan Yulin 1755 aka tare su a kusa da inda birnin Pittsburgh yake yanzu, aka yi masu kaca-kaca, shi kansa Janar ɗin ya mutu daga raunin da ya samu. Malamin ya ce a duba da kyau, mafi yawan mayaƙan da suka ba Faransa wannan nasara mutanen asali ne.

Ya ce kowace ƙabila tana da lissafinta. Wasu sun ga Bafaranshe fatu kawai yake saye, ba ya zuwa da iyali yana sare daji yana yin gona kamar Ingilishi, saboda haka suka ce gara shi. Wasu kuma suka ga Ingilishi ne mai kaya da araha. Ingila ta gane haka, sai a 1758 ta zauna da wasu ƙabilu a garin Easton ta yi masu alkawarin cewa in suka janye daga bayan Faransa, Turawa ba za su tsallaka duwatsu su zauna a ƙasarsu ba. Suka yarda suka janye. Faransawa suka rasa mataimaka, suka ƙone sansaninsu suka gudu. Ingilishi suka zo suka gina wani sansani da ya fi na Faransawan girma a daidai wannan wuri, suka sa masa suna Fort Pitt.

A can Turai an riga an shelanta yaƙi tun 1756. Ingila ta haɗa kai da Furusiya, wani yanki na Jamus ta yau, Faransa ta haɗa kai da Ostiriya da Rasha, daga baya Sifen ta shigo bayanta. Ministan Ingila William Pitt ya fito da dabara. Ya riƙa zuba wa Furusiya kuɗi don ta riƙe sojojin Faransa a Turai, shi kuma ya saki jiragen ruwan yaƙinsa suna bin ƙasashen da Faransa ta mallaka ɗaya bayan ɗaya. A watan Satumban 1759 birnin Quebec ya faɗi, kwamandojin ɓangarorin biyu, Wolfe da Montcalm, duk suka mutu a wannan karo. A 1760 Montreal ta miƙa wuya. Kanada ta fita daga hannun Faransa ke nan.

INDIYA: DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Malamin ya ce nan ne ya kamata 'yan'uwa su buɗe kunne sosai, domin ƙasar da ke ƙarƙashin sarakunan Musulmi ce aka ci, kuma ba da yawan soja aka ci ta ba.

Bayan rasuwar Sarki Aurangzeb a 1707 daular Mugal ta fara rauni. Gwamnonin larduna, waɗanda ake kira Nawab, kowa ya zama sarkin kansa, kuma duk lokacin da ɗaya ya mutu sai rigimar gado ta tashi. Gwamnan Faransawa na garin Pondicherry, mai suna Dupleix, shi ya fara gane abubuwa biyu. Na farko, in ka ɗauki talakawan Indiya ka biya su albashi, ka ba su bindiga, ka koya masu fareti irin na Turai, 'yan kaɗan daga cikinsu za su iya tarwatsa babbar rundunar sarki. Waɗannan su ake kira sipahi. Na biyu, in 'yan sarki biyu suna neman sarauta, ka ba ɗaya aron sojanka, in ya hau gado ya zama naka. Ingilishi suka ga wannan dabara suka kwaikwaya. A kudancin Indiya Faransawa suka goyi bayan Chanda Sahib, Ingilishi suka goyi bayan Muhammad Ali. Musulmi biyu suna yaƙar juna, kowa da Baturensa a baya. A 1752 aka kashe Chanda Sahib, shi kuwa Muhammad Ali ya ƙare rayuwarsa bashin Ingilishi ya yi masa katutu.

Ya ƙara da cewa tun kafin nan an ga alamar yadda Turawan suke kallon ƙasar. A 1746 Faransawa sun ƙwace garin Madras daga hannun Ingilishi. Da aka yi sulhu a Turai a 1748, sai aka mayar wa Ingila Madras, ita kuma ta mayar wa Faransa wani sansani mai suna Louisbourg a gaɓar Kanada. Wato gari guda a Indiya da mutanensa aka yi furfure da shi da wata ganuwa a wata duniya.

RANAR PALASI

Lardin da ya fi kowane arziki a Indiya shi ne Bangal. A 1756 tsohon Nawab ɗinsa, Aliwardi Khan, ya rasu, jikansa Sirajud Daula ya gaje shi yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Da labarin yaƙin Turai ya fara isowa, Ingilishi a Kalkata da Faransawa a Chandernagore kowa ya shiga ƙarfafa ganuwarsa. Siraj ya aika masu cewa su daina, ƙasarsa ba filin yaƙinsu ba ce. Faransawa suka ba shi haƙuri, Ingilishi suka yi kunnen uwar shegu. Sai ya tashi da runduna a watan Yunin 1756 ya ƙwace Kalkata. Wasu fursunonin Turawa da aka cusa a wani ɗan ƙaramin ɗaki suka mutu saboda zafi da rashin iska, kuma Ingilishi sun daɗe suna amfani da wannan labari a matsayin hujjar duk abin da suka yi daga baya.

Kamfanin ya turo Robert Clive daga Madras. Ya ƙwato Kalkata a watan Janairun 1757, a watan Maris ya ci garin Faransawa na Chandernagore. Daga nan ya juya kan Nawab ɗin kansa. Malamin ya ce gaskiya ɗaya ce, Siraj yana da zafin rai, kuma ya ɓata da manyan fadarsa da yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Clive ya ƙulla makirci da Mir Ja'afar, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Siraj, da gidan attajiran nan masu ba da rance da ake kira Jagat Seth, da wani ɗan kasuwa mai suna Omichand wanda yake kai-komo a tsakaninsu. Aka yi wa Mir Ja'afar alkawarin sarauta, shi kuma ya yi alkawarin biyan kamfani maƙudan kuɗi daga baitulmalin Bangal.

A ranar 23 ga watan Yunin 1757 aka haɗu a wani fili kusa da ƙauyen Palasi. Clive yana da mutum wajen 3,000, kuma wajen 2,000 daga cikinsu sipahi ne, 'yan Indiya. Siraj yana da wajen 50,000, da wasu 'yan tsirarun Faransawa masu harba igwa. Da rana ta yi tsaka aka yi ruwan sama, albarushin Nawab ya jiƙe, Ingilishi kuwa sun rufe nasu. Amintaccen kwamandansa Mir Madan ya kai hari aka kashe shi. Shi kuwa Mir Ja'afar yana tsaye da babban ɓangaren rundunar yana kallo, bai harba ko harsashi ɗaya ba. Siraj ya gudu, aka kama shi bayan 'yan kwanaki, ɗan Mir Ja'afar mai suna Miran ya sa aka kashe shi.

Malamin ya ce to, yanzu sai a bi maciya amanan nan ɗaya bayan ɗaya a ga ribar da suka ci. Omichand ya nemi a rubuta kasonsa a cikin yarjejeniya. Clive ya sa aka rubuta takarda biyu, ta gaskiya wadda babu sunansa, da ta jabu wadda aka nuna masa, har da sa hannun ƙarya na kwamandan sojan ruwan Ingila. Bayan yaƙi aka gaya masa ba shi da ko anini. Mir Ja'afar ya hau gado ya iske baitulmali ba zai iya biyan abin da ya yi alkawari ba. Shi Clive kaɗai ya sa fam 234,000 a aljihunsa. A 1760 kamfanin ya sauke Mir Ja'afar ya naɗa surukinsa Mir Ƙasim. Da Mir Ƙasim ya nemi ya zama sarki na gaske, ya ƙi yarda Turawa su riƙa ciniki ba haraji talakawansa suna biya, sai aka yaƙe shi aka dawo da tsoho Mir Ja'afar. A cikin wannan rikici ne a 1763 Mir Ƙasim ya sa aka kashe shugabannin gidan Jagat Seth. Har gobe a Bangaladash da Indiya da Pakistan in aka kira mutum Mir Ja'afar, to ana nufin maci amana. Wanda ya hau motar kwaɗayi, a tashar wulaƙanci zai sauka.

Su kuwa Faransawa, an ci su a Wandiwash a watan Janairun 1760, Pondicherry ta faɗi a 1761. Da aka kawar da kishiya, kamfanin Ingila ya zauna daram. A 1764 a Buxar ya karya haɗin gwiwar Mir Ƙasim da Nawab na Awadh da shi kansa Sarkin Mugal Shah Alam na Biyu. A 1765 Sarkin ya sa hannu ya ba kamfanin ikon karɓar harajin Bangal da Bihar da Orissa. Kamfanin 'yan kasuwa ya zama mai karɓar harajin miliyoyin mutane, da kuɗin harajin yake sayen yadinsu yana kaiwa Landan, da shi kuma yake biyan sojan da zai ci sauran ƙasar. A 1769 zuwa 1770 aka yi fari, yunwa ta biyo baya. Warren Hastings, wanda ya zama gwamnan kamfanin a Bangal, shi da kansa ya rubuta wa shugabanninsa a 1772 cewa aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen lardin sun halaka, amma duk da haka harajin da aka tara a 1771 ya fi na 1768.

SANAGAL DA TSIBIRAN RAKE

Malamin ya ce Afirka ma ba ta tsira ba. A 1758 jiragen Ingila suka ƙwace Saint-Louis a bakin kogin Sanagal, sannan tsibirin Goree kusa da Dakar ta yau. Abin da ya kai su shi ne ƙaro, wanda masaƙun Turai suke buƙata wajen buga zane a jikin yadi, da kuma cinikin bayi. A Karebiyan suka ƙwace Guadeloupe a 1759 da Martinique a 1762.

Da aka zo zaman sulhu, a Landan har muhawara aka yi a kan wanne ya fi riba, a riƙe Kanada ko a riƙe ɗan tsibirin Guadeloupe. Abin da ya sa tsibirin ya yi wannan daraja shi ne sukari, sukari kuwa gumin bayi ne. A ƙarshe Faransa ta haƙura da Kanada ta karɓi tsibiranta na rake, aka mayar mata da Goree domin kada hanyar samun bayi ta yanke mata, aka bar mata 'yancin kamun kifi a gaɓar tsibirin Newfoundland. Malamin ya ce 'yan'uwa su riƙe maganar kifin nan, domin za ta dawo.

BAYAN SULHU

A yarjejeniyar 1763 Faransa ta miƙa wa Ingila duk ƙasar da ke gabas da kogin Misisipi, ban da birnin New Orleans, ta kuma riga ta ba Sifen ta yamma da kogin. Ƙabilun da suka yi shekaru suna mutuwa a bayan Faransa sai labari suka ji an ba da ƙasarsu. Suka ce yaushe Faransa ta mallake ta har da za ta bayar? Su dai ba a ci su da yaƙi ba.

Kwamandan Ingila Janar Amherst ya ga ba ya buƙatar lallashin kowa tun da babu kishiya. Ya yanke kyaututtukan da aka saba ba shugabannin ƙabilu, ya taƙaita sayar masu da albarushin da suke farauta da shi. A watan Mayun 1763 ƙabilu da dama suka tashi, fitacce daga cikin jagororinsu shi ne Pontiac na ƙabilar Ottawa. Suka ci sansanoni takwas, suka yi wa Detroit da Fort Pitt ƙawanya. A Fort Pitt ne Turawa suka ɗauko barguna daga ɗakin masu ciwon agana suka ba wakilan ƙabilar Delaware a matsayin kyauta, kuma wasiƙun Amherst sun nuna shi ma ya ba da shawarar a yi irin haka. Pontiac ya yi ta jiran Faransa ta kawo ɗauki, amma saƙon da ya zo masa shi ne Sarkin Faransa ya yi sulhu, su ajiye makami. A watan Oktoban 1763 Sarkin Ingila ya ja layi a kan duwatsu ya ce Turawa kada su tsallaka. Turawan ba su saurara ba, kuma da aka sake zaman sulhu a Faris a 1783 aka miƙa wa sabuwar ƙasar Amurka wannan yanki, ko sunan masu ƙasar ba a ambata a takardar ba.

SHARRI ƊAN AIKE NE

Malamin ya ce su ma masu nasarar ba su kwana lafiya ba. Bashin da ke kan gwamnatin Ingila ya kusa ninkawa saboda yaƙin, sai ta ɗora wa Turawan Amurka sababbin haraji, kamar harajin takardu na 1765. Su kuwa tun da barazanar Faransa ta kau, ba su ga amfanin biyan sojan Ingila ba. A ɗaya ɓangaren kamfanin da ya tatse Bangal ya kusa karyewa a 1772, sai majalisar Ingila ta ba shi damar kai ganyen shayinsa Amurka kai-tsaye. A watan Disamban 1773 mutanen Boston suka zubar da shayin cikin teku. A 1775 yaƙi ya ɓarke, a 1776 suka shelanta 'yanci, a 1778 Faransa ta shigo bayansu don ta rama abin da aka yi mata. Ta rama, amma bashin ya karya ta, ya zama ɗaya daga cikin dalilan juyin juya halin 1789 wanda ya ci kan sarkinta.

Sai dai gabar ba ta mutu ba, kuma ƙasashen Musulmi ne suka ci gaba da zama fili. A 1798 Napoliyon ya afka wa Masar don ya toshe wa Ingila hanyar Indiya. Ya zo yana shelar cewa Faransawa masoyan Musulunci ne, amma da mutanen Alƙahira suka yi masa bore a watan Oktoban wannan shekara, ya sa aka yi wa unguwar Azhar ruwan igwa, sojojinsa suka shiga masallacin da dawakai. A Indiya kuma Tipu Sultan na Mysore, wanda ya fi kowa tsaya wa Ingilishi, ya tura jakadu har fadar Sarkin Faransa a 1788 yana neman taimako, suka dawo ba tare da rundunar da ya nema ba. Wasiƙar da Napoliyon ya rubuto masa daga Masar a hannun Ingilishi ta faɗa. A ranar 4 ga watan Mayun 1799 aka kashe shi yana kare birninsa, kuma cikin waɗanda suka kewaye shi har da sojojin Nizam na Hyderabad, Musulmi ɗan'uwansa.

YADDA ABIN YA ISO ƘASAR HAUSA

Daga nan Malamin ya ce bayan shekara ɗari da 'yan kai wannan tsere ya iso ƙofar gidanmu, da irin salon da aka gani a Indiya da Amurka. A ranar 5 ga watan Agustan 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga garin Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, kudu ta Ingila, arewa ta Faransa. A wannan rana babu Baturen da yake mulkin ko ƙauye guda a Kano ko Katsina ko Damagaram. A 1898 suka sake zama, suka zana wani baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Sai bayan an gama rabo a takarda aka zo ɗauka. A 1899 ayarin Faransawa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar yana ƙone garuruwa, ya yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, a wannan shekara kuma aka ci Damagaram. A 1903 sojojin Lugga suka ci Kano a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. A rundunonin biyu Turawa 'yan ƙalilan ne, sauran duk baƙaƙen fata ne masu cin albashi, wato sipahin wannan nahiya.

Faransawa suka yi ƙorafin cewa hanyar da aka bar masu daga Kwara zuwa Damagaram babu ruwa. A ranar 8 ga watan Afrilun 1904 ƙasashen biyu suka kashe tsohuwar gabarsu. Faransa ta sakar wa Ingila Masar, Ingila ta sakar wa Faransa Maroko. Sannan Faransa ta haƙura da tsohon haƙƙinta na gaɓar Newfoundland, wanda aka jaddada mata a 1763, a madadinsa aka ba ta wasu wurare a Afirka ta Yamma, ciki har da turo iyakar nan kudu. Daga baya kuma Birnin Ƙonni, wanda bakan 1898 ya sa a ɓangaren Ingila, ya koma ɓangaren Faransa. Malamin ya ce wannan shi ne dalilin da ya sa yau mutumin Illela yake riƙe da naira yana karatun boko da Ingilishi, ɗan'uwansa na Ƙonni yana riƙe da sefa yana yi da Faransanci, alhali tsakaninsu 'yar tafiya ce. Da maganar kamun kifi a wani teku da kakanninsu ba su taɓa jin sunansa ba aka daidaita wannan iyaka.

DARASI

A ƙarshe Malamin ya ja hankalin 'yan'uwa matasa a kan abubuwa biyu. Na farko, a duk wuraren nan da aka ambata ba a ci mutane saboda ƙarancinsu ba. Siraj ya fi Clive yawan soja nesa ba kusa ba. Abin da ya ci shi rigimar cikin gida ce da mutumin da ya yarda a saye shi da kujera. Saboda haka wanda yake son ya san inda za a ɓullo wa al'umma, ya fara duba inda ta tsage da kuma wanda yake da farashi a cikinta.

Na biyu, Pontiac da Chanda Sahib da Tipu kowannensu ya ɗauka maƙiyin maƙiyinsa abokinsa ne. Amma manyan ƙasashe suna faɗa ne a kan rabo, kuma duk faɗan da aka yi a kan rabo da sulhu yake ƙarewa. Ranar sulhun kuwa wanda ya jingina da ɗayansu ba a kiransa ɗakin, sai dai ya ji an ambaci ƙasarsa a cikin lissafi. Ya ce har yau ƙasashe masu ƙarfi suna gasa a kan ma'adinai da sansanonin soja da kasuwanni a wannan nahiya, kowa yana zuwa da sunan aboki. Don haka duk wanda ya zo yana cewa zai kore mana wancan, tambayar da ta kamace shi ita ce, in kun shirya tsakaninku, mu ina za ku sa mu?

Ya kuma yi kira ga matasa da su dage da karatun tarihi, su san shekaru da sunaye da takardun da aka sa wa hannu, su kuma koya wa ƙannensu, domin wanda bai san yadda aka sayar da gonar kakansa ba, da wuya ya gane dillali in ya dawo. Daga nan ya yi addu'ar Allah Ya haɗa kan al'umma, Ya kare ta daga sharrin maciya amana na ciki da azzalumai na waje, aka shafa, aka shiga amsa tambayoyi.